GIDA DA KAYAN ZAMANI: Lasifikar Silin, Tun Ran Gini Ran Zane

Mbamba ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, kuma tana cikin wuraren da ma'aikata da 'yan kasuwar Yola da Jimeta suke sayen filaye su yi gini, tun da fili a cikin gari ya yi tsada. Gidajen da ake ginawa yanzu ba irin na dā ba ne. Ana rufa kwano a sama, a ɗaura silin POP a ƙarƙashinsa, a yi masa ado da fitilu ƙanana. Daga baya kuma wani sabon abu ya shigo, watau lasifikar da ake binnewa a cikin silin, ba a ganin kome nata sai 'yar farar raga, amma sautinta yana sauka a ɗaki ya game ko'ina.

A wannan mako filin nan zai duba yadda magidanci mai matsakaicin ƙarfi zai zaɓi irin wannan lasifika. Attajiri ba ya bukatar shawara, domin shi in ya sayi wadda ba ta yi ba, sai ya cire ya sa wata. Amma ma'aikacin da ya yi shekaru yana tara bulo da siminti, shi kuskure ɗaya ya ishe shi baƙin ciki. Rediyon da aka ajiye a kan tebur, in bai yi daɗi ba ana iya mayar da shi kanti ko a ba yaro. Lasifikar silin kuwa sai an huda rufin ɗaki kafin ta zauna, kuma ramin da aka huda ba ya komawa yadda yake sai an sake kiran mai POP an sake biyansa.

ABIN BA BAƘO BA NE

Dattawa za su tuna cewa akwatin magana da ake kafawa a ɗaki a ja masa waya daga nesa ba yau aka fara shi ba. Tun a 1935 aka fara ja wa mutanen Ikko waya zuwa gidajensu don su ji shirye-shiryen rediyo ta cikin wani akwati, daga baya tsarin ya kai Ibadan, sa'an nan ya iso Kano a 1944. Shi wannan akwati ba shi da kome a ciki sai lasifika da maɓallin ƙara murya; na'urar da ke ba shi ƙarfi tana can tasha. Haka lasifikar silin take: ita kaɗai ba ta magana, sai an haɗa ta da amfilifaya, watau na'urar ƙara ƙarfin sauti, wadda za ta zauna a ƙasa.

Ita kanta lasifikar, yadda take aiki bai sake ba tun 1925, sa'ad da wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana irin da duniya take amfani da ita har yau. Akwai maganaɗisu, akwai siririyar waya da aka naɗe a tsakiyarsa, akwai kuma faifai mai siffar mazurari da aka manne da wayar. In lantarki ya bi ta wayar, sai ta riƙa motsi gaba da baya, faifan ya tura iska, kunne ya ji sauti. Saboda haka bambancin mai kyau da marar kyau ba wani asiri ba ne. Yana cikin abin da aka ƙera faifan da shi, da ƙarfin maganaɗisun, da kuma yadda aka harhaɗa su.

IRI BIYU NE A KASUWA

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne, lasifikar silin iri biyu ce, kuma a ido kamanninsu ɗaya. Akwai wadda aka yi don sanarwa a masallatai, da asibitoci, da manyan kantuna. Ita wannan tana da 'yar taransifoma a bayanta, an rubuta 100V a jikinta, da wuraren haɗa waya masu alamar wat 3 ko wat 6. Kamfanoni irin su Ahuja na Indiya da TOA na Japan sun yi suna wajen ƙera kayan sanarwa. Amfaninta shi ne ana iya jera da yawa a kan waya ɗaya mai tsawo. Amma an yi ta ne domin murya ta fita, ba domin kiɗa ya yi armashi ba, kuma sai da amfilifaya irin tata take aiki sosai. In aka haɗa ta da amfilifayar gida ta hanyar taransifomar nan, sautin zai fito a raunane, maigida ya yi ta zargin mai haɗawa a banza.

Iri na biyu ita ce ta gida, wadda aka rubuta om 8 ko om 6 a jikinta. Irin wannan ce kamfanoni kamar Yamaha, da Polk Audio, da JBL, da Klipsch suke yi, kuma kowannensu yana da mai araha, da matsakaiciya, da mai tsada. Alamar matsakaiciya ta ƙwarai ita ce tana da baki biyu: babban faifai mai fitar da sauti mai kauri, da wani ɗan ƙarami a tsakiyarsa mai fitar da siririn sauti. Kunnen yaro lafiyayye yana jin motsin iska daga sau 20 har zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, kuma faifai ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan nauyi duka yadda ya kamata. Shi ya sa ake raba musu aiki. A wasu ma ɗan ƙaramin yana juyawa, a karkata shi wajen kujerar da ake zama, wannan kuwa abu ne mai amfani ƙwarai, domin siririn sauti ba ya bazuwa kamar mai kauri, inda aka auna shi nan ya fi zuwa.

Wanda abin da yake so shi ne karatun Alƙur'ani da safe, da labarun ABC Yola ko Fombina FM a kicin da baranda, to ta sanarwa mai kyau za ta ishe shi, kada ya wahalar da aljihunsa. Wanda kuwa yake son kallon fim da sauraron kiɗa a falo, lalle ne ya nemi ta gida mai baki biyu.

RUBUTUN JIKIN KWALI

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a sha'anin lasifika ji ne ya kori gani. Sau da yawa za a ga kwali an rubuta masa wat 500 ko wat 1,000 da manyan baƙaƙe, a gefe kuma an sa PMPO da ƙananan haruffa. Wannan lissafi ba shi da wani ma'auni da aka yarda da shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Abin dubawa shi ne inda aka rubuta RMS, watau ƙarfin da lasifikar za ta iya jurewa in ta daɗe tana aiki. Wadda take da wat 40 zuwa 60 a wannan ma'auni ta wadaci falon gida. Kwalin da bai ambaci RMS ba sam, akwai abin da yake ɓoyewa.

Akwai kuma wani adadi da mutane ba su cika kula da shi ba, alhali ya fi wat muhimmanci, shi ne yawan sautin da lasifika take bayarwa in an ba ta wat 1, wanda ake aunawa da desibel daga nisan mita 1. Ƙa'idar ita ce, duk ƙarin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu. Misali, lasifika mai desibel 90 in an ba ta wat 20, ƙarar da za ta yi sai mai desibel 87 ta sha wat 40 kafin ta kamo ta. A gidan da yake dogara da sola da inbata, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Game da girma, inci 6 da rabi da inci 8 su aka fi samu. Ta farko ta dace da ɗakin kwana, da kicin, da matsakaicin falo. Mai inci 8 ta fi kaurin sauti, ta dace da babban falo mai dogon silin, amma ta fi nauyi kuma raminta ya fi faɗi. Kada dai mai saye ya sa ran ko wacce daga cikinsu za ta girgiza ƙasa kamar gangar biki. Mai son irin wannan amo sai ya ƙara da akwati guda na sauti mai kauri, ya ajiye shi a kusurwar falo.

ZAFIN YOLA DA ABIN DA KE CIKIN RUFI

Yawancin waɗannan kaya an tsara su ne da gidajen ƙasashen sanyi a zuciya, shi kuwa magidancin Mbamba da rufin Yola zai yi aiki. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40, tsakanin kwano da silin kuma zafin ya zarce na waje nesa. Da hunturu ƙura takan shiga ta kowace kafa, da damina kuma kwano yakan yi gumi ko ya yi yoyo. Bayan lasifikar a cikin wannan hali zai zauna shekara da shekaru.

Domin haka a duba abu biyu da hannu kafin a biya kuɗi. Na ɗaya faifan: na takarda yana shan laima ya yi laushi, na roba mai tauri kuwa, wanda ake rubuta wa polypropylene, ruwa ba ya damunsa. Na biyu zoben da ya kewaye faifan ya riƙe shi: in na soso ne, zafi da laima za su ruɓar da shi ya riƙa marmashewa, daga nan sai a fara jin kaɗawa kamar tsohon gwangwani. Zoben roba shi ya fi daɗewa. Ragar gaba kuma, in za a sa a banɗaki ko kicin ko baranda, a nemi ta alminiyam wadda ba ta tsatsa.

Har ila yau, cikin rufi gida ne na ɓera, da tsaka, da zanzaro, wani lokaci har da jemage. Ɓera yana cin waya, zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a duk inda ya sami lungu. Maganin wannan shi ne a rufe bayan lasifikar da akwati. Wasu suna zuwa da nasu, waɗanda ba su da shi kuma kafinta zai iya haɗa musu na katako, muddin ya bar sarari isasshe a ciki, domin akwatin da ya matse yana kashe kaurin sauti.

Akwatin nan yana da wani amfani da ya fi kariya daga ɓera. Lasifika tana fitar da sauti ta baya kamar yadda take fitarwa ta gaba. A gidaje da yawa bangon da ya raba ɗakuna yakan tsaya daidai silin, bai kai kwano ba, saboda haka samaniyar gidan duk fili ɗaya ce. In babu akwati, ƙwallon da maigida yake kallo a falo da dare zai sauka a ɗakin yara da ɗakin uwargida, har da na tsohuwar da ta kwanta tun bayan Isha'i. Gidan da yake da sashen maza da na mata, ko mata biyu kowacce da ɓangarenta, wannan kaɗai ya isa ya haddasa magana.

Akwai wadda yanzu take tashe, wadda aka haɗa mata amfilifaya a bayanta, ana kama ta da wayar hannu ta Bluetooth. Ba shakka tana da sauƙin kafawa. Amma mai saye ya tuna cewa ita amfilifayar ce za ta zauna a cikin zafin rufin, kuma ita ce wutar lantarki za ta fara duka in ta dawo da ƙarfi. Wutar da kamfanin YEDC yake rabawa a Adamawa, kamar ta sauran Nijeriya, bisa ƙa'ida bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda take sauka ta hau, ga kuma janareta. Amfilifayar da ke ƙasa ana sa mata sitabilaiza, in ta lalace a ɗauke ta a kai Jimeta a gyara. Wadda ke cikin silin kuwa sai an kafa tsani an ɓalle ta.

WAYA DA LISSAFI

Tun ran gini ran zane. Lokacin da ya dace a yanke shawarar lasifika shi ne kafin mai POP ya rufe silin, sa'ad da mai haɗa wuta yake jan wayoyinsa. A ja wa lasifika wayarta dabam a cikin bututun roba nata na kanta, kada ta yi tafiya a manne da wayar wuta. Waya mai kaurin milimita 1.5 ta isa in nisan bai wuce mita 15 ba, in ya zarce haka a nemi mai 2.5. A kuma tabbata jan ƙarfe ce zalla. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda ba ta ɗaukar lantarki kamar ta gaske, tana kuma saurin karyewa a wurin ɗauri. Gane ta ba wuya: a kankare bakinta da wuƙa, in cikin ya fito fari, to ita ce.

Kuskuren da ya fi ƙone amfilifaya shi ne tara lasifiku da yawa a kan baki ɗaya. Ga lissafin. In aka haɗa masu om 8 guda biyu kafaɗa da kafaɗa, watau ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. In guda huɗu ne, sun koma om 2. Duk sa'ad da om ya ragu, lantarkin da ake ja daga amfilifaya ƙaruwa yake yi. Yawancin amfilifayoyin gida an yi su ne don om 6 zuwa 8, wasu suna jure 4, amma kaɗan ne ƙwarai suke jure 2. Wanda yake son sauti a ɗakuna huɗu ko biyar, sai ya sayi amfilifaya mai bakuna da yawa, ko akwatin rarraba sauti mai daidaita om, ko kuwa ya koma tsarin 100V gaba ɗaya. A kuma lura kada a juya ja da baƙi a lasifika ɗaya, domin in ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, kaurin sautin zai ɓace.

Wajen hudawa, a nisanta kamar santimita 60 daga bango, a bar mita 2 zuwa 3 tsakanin biyun, su kasance daidai da juna in an duba daga wurin zama. Kada a sa su a saman fikafikan fanka, domin fanka tana yayyanka sauti a ji shi yana rawa. POP ba shi da kauri sosai, saboda haka a sa masa katako ta sama inda maƙalan lasifikar za su kama. Silin roba kuwa yana kaɗawa in sauti ya yi ƙarfi, sai an ƙarfafa shi. Amma tsohon gida mai silin asbestos, kada a kuskura a yanka shi da zarto ko a huda shi, domin ƙurarsa tana shiga huhu ta haddasa cuta mai kisa bayan shekaru. Mai irin wannan rufi gara ya rataya lasifikarsa a bango.

YADDA ZA A KASHE KUƊIN

Tun daga watan Yuni na 2023, da aka bar kasuwa ta yanke darajar Naira, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo, kuma farashinsu ba ya zama wuri ɗaya. Saboda haka abin da ya fi amfani ga mai saye shi ne ya san rabon kuɗinsa. Ya kasa su kashi uku: kashi ɗaya na lasifiku, ɗaya na amfilifaya da sitabilaiza, ɗaya na waya, da bututu, da akwati, da ladan mai aiki. Wanda ya zuba duka a kan lasifika mai suna, ya haɗa ta da waya ta banza, ya yi asara sau biyu. Kuma guda biyu masu kyau a falo sun fi shida marasa kyau a warwatse cikin gida. In kuɗi bai kai ba, a ja waya zuwa sauran ɗakunan a bar ta a sama, a rubuta inda take, ranar da hali ya samu sai a huda.

Ko a Jimeta za a saya, ko a Sabon Garin Kano, ko a aika Alaba a Ikko, jabu yana nan, kuma sunan da ya fi shahara shi aka fi kwaikwaya. In farashin mai babban suna ya faɗi ƙasa da na kowa, to banza ba ta kai zomo kasuwa. A ɗaga ta a ji nauyin maganaɗisun, a duba lambar jikinta ta dace da ta kwali, a nemi takardar auna rami da ke zuwa a ciki. A sa mai kanti ya kunna ta da muryar mutum yana magana, ba da kiɗa mai ƙara ba, domin kunne ya fi sanin murya. In baƙaƙen suna fita tangaran ba hanci ba kaɗawa, alama ce mai kyau. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan kayan da tsawon garanti. Dokar kare haƙƙin mai saye ta Tarayya, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum ikon mayar da kayan da aka sayar masa da aibi, amma ba tare da rasit ba da wuya ya kafa hujja.

Magana ta ƙarshe ita ce ta kunne da ta maƙwabci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa babban mutum yana iya sauraron sauti mai desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, in ƙarar ta haura haka lokacin raguwa yake yi da sauri, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Nijeriya ma tana da dokar hana hayaniya ta 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. Fa'idar lasifikar silin ita ce tana kusa da kan mai sauraro, tana baza sauti daidai a ɗaki, don haka ba ta bukatar a ƙure ta kafin a ji. Wanda ya sa ta a baranda ko tsakar gida ya tuna cewa katanga ba ta tare sauti, kuma a bayanta akwai marar lafiya, da mai jego, da ɗalibi mai shirin jarrabawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, filin nan zai duba yadda ake zaɓen sitabilaiza daidai da nauyin kayan wutar da ke cikin gida.